Kurakuran da ake yi bayan cire haƙori

A cikin wata biyu kacal, mutum uku daga dangi da maƙwabta a nan Damagaram sun zo mini riƙe da muƙamuƙi, kowannensu yana zargin likitan haƙori da cewa ya bar masa guntu a ciki. Da na bi diddigin abin da suka yi bayan sun koma gida, sai na tarar laifin nasu ne, kuma irin wanda ni kaina na taɓa yi.

Idan aka cire haƙori, jini yana taruwa a gurbin ya daskare, kuma wannan gudan jinin shi ne murfin da ke rufe ƙashi da jijiya har nama ya tsiro. Babban kuskure shi ne fitar da shi da sunan tsabta. Ranar da aka cire mini turmin ƙasa na hagu, likita ya sa mini auduga ya ce in cije ta minti 30 zuwa 45, kada in kurkure baki sai bayan awa 24. Ban kai Sabon Gari ba na tofar da audugar daga kan kabu-kabu, domin ɗanɗanon jini ya ishe ni. Da azahar na yi alwala na kurkure baki sau uku da ƙarfi kamar yadda na saba, na maimaita da la'asar, da dare kuma na zauna a fada na kurɓi shayi mai zafi har kofi na uku. A kwana na uku wani ciwo ya taso daga gurbin ya haura kunne, bakina ya soma wari, kuma babu ƙwayar da ta taɓa shi. Da na koma, likita ya leƙa ya ce, "Malam, kai ka wanke maganinka da hannunka." Ƙashi ne a fili. Ya wanke gurbin, ya cusa wani magani mai ƙamshin kanumfari, na yi ta zirga-zirga kusan mako guda.

Saboda haka ina faɗa da babbar murya: kurkure baki a alwala sunna ne a mazhabar Malikiyya, ba farilla ba, kuma alwalarka ta inganta ko ka bar shi na yini ɗaya. Masu tofar da yawu kowane minti, da masu tura harshe suna taɓa gurbin, da masu sa tsinke su ga ko akwai saura, duk aiki ɗaya suke yi. Mai shan sigari ya fi kowa shiga haɗari, domin zuƙar tana fizgo gudan jinin, hayaƙin kuma yana jinkirta warkewa. Wanda ba zai iya haƙura kwana uku ba, to ya shirya kwana bakwai na rashin barci. Ni yanzu al'adata ita ce in bar bakin yadda yake ranar farko, washegari in jiƙa rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwa mai ɗumi, in riƙe a baki in karkata kai, sannan in bar shi ya zuba da kansa.

Kuskure na biyu shi ne maganin tebur. Mutum zai bar takardar da likita ya rubuta masa a aljihu, ya tsaya bakin kasuwar Dole ya ce a ba shi mai ƙarfi. Sau da yawa asfirin ake miƙa masa, alhali asfirin yana hana jini daskarewa, sai ya kwana yana jiƙa matashi. Farasitamol ya wadatar da yawancin mutane, kuma idan an rubuta maka amoksisilin ka shanye shi duka, kada ka ajiye rabi don wata rana. Mai ciwon suga, ko hawan jini, ko sikila, da mace mai juna biyu, da wanda ke shan maganin tsinka jini, su faɗa wa likita kafin ya ɗauki allura, ba bayan jini ya ƙi tsayawa ba.

Sauran ƙanana ne. Kada ka ci abinci kafin allurar kashe zafi ta sake ka, za ka tauna leɓe ba ka sani ba. Kilishi, goro, gyaɗa da yaji su jira. Fura da nono da kunun da ya huce sun isa. Asawaki da buroshi a ci gaba da su, a kauce wa gurbin kawai. Kumburi yakan kai ƙarshensa a kwana na biyu ko na uku, kuma ƙanƙara a cikin tsumma a kan kumatu, minti 15 a ɗaga, tana rage shi a ranar farko. Amma idan jini ya ci gaba da zuba bayan ka cije sabuwar auduga sau biyu, ko zazzaɓi ya shigo, ko kumburin ya gangara wuya har haɗiya ta yi wuya, kada ka jira gari ya waye, ka nufi babban asibiti a daren.