Kayan sawa a shekarar farko a Ingila: wanne za a fara saya, wanne zai jira

Duk wanda ya sauka Landan ko Manchester a watan Janairu, abu biyu ne ke tarbarsa lokaci guda: sanyi, da shagunan da suka manna jajayen takardu a gilashi suna shelar rangwame. Rangwamen yakan fara ranar 26 ga Disamba, ya ja har cikin Janairu. Sai mutum ya ɗaura aniyar sabuwar shekara cewa zai sauya kayan sawarsa kakaf, kafin ya farga kuɗin hayar Fabrairu ya tafi a riguna bakwai marasa kauri, har yanzu kuma yana rawar ɗari a tashar bas. Burin da zai yiwu shi ne a raba sayayyar cikin shekara, a fara da abin da jiki zai cutu in babu shi. Ka ware abin da ba zai taɓa haya da abinci ba, ko fam 30 ne a wata, ka tsaya a kansa.

Janairu da Fabrairu na ƙafa ne da jaket. Sanyin nan ba irin hunturun Kano ko Damagaram ba ne mai bushewa, wanda rana ke karya shi da hantsi. Na nan da danshi yake zuwa, da iska, da yayyafin da zai wuni bai tsaya ba, ga magariba tana yi wajen ƙarfe huɗu. Kambas ɗin yadi yana jiƙewa kafin ka kai kwanar layi, ka wuni da safa sharkaf. Nemi takalmi mai rufe idon sawu, mai hana ruwa, wanda ƙasansa ke da zane mai zurfi saboda santsin ƙanƙara da safe. Lambar takalmi ta bambanta da wadda muka saba: 42 ɗinmu ita ce 8 a nan, 38 kuma 5. A gwada shi da safa mai kauri a ƙafa, in ba haka ba zai matse.

Jaket ɗaya mai kyau ta wadatar a shekarar farko. Ta kasance da hula a haɗe, ta sauka ƙasan kugu, ta kuma bar wurin suwaita a ciki. Duba takardar jikinta: in an rubuta waterproof za ta tare ruwa, in water-resistant ne yayyafi kawai za ta iya. Launi baƙi, ruwan toka ko shuɗi mai duhu ya fi, don zai shiga da kaftani, zai shiga da wandon jins. Kada a kashe kuɗi a kan lema mai tsada, iska tana juya ta.

Abin da sababbin zuwa suka fi kuskurewa shi ne zaton kauri ne ke maganin sanyi. Hawa uku ake yi. Na farko riga da wando masu kama jiki na riƙe ɗumi, irin Heattech na shagon Uniqlo ko makamantansu a shagunan Primark da Decathlon, saiti biyu domin a wanke ɗaya a sa ɗaya. Na biyu suwaita, ta ulu in da hali. Na uku jaket. Iskar da ke maƙale tsakaninsu ita ke riƙe zafin jiki, kuma da ka shiga aji ko jirgin ƙasa inda hita ke aiki sai ka cire na sama. Singiletin auduga a hawan farko matsala ne: yana shan gumi, ba ya saurin bushewa, sai ya yi sanyi a jikinka da ka fito waje.

Da wannan hawan farko, 'yar'uwa ba ta buƙatar ajiye atamfa ko abaya. Dogon wando mai ɗumi a ciki, zani ko siket a sama, shi ke nan. Sai dai a rage tsawon abayar fita kullum da kamar inci biyu, domin wadda ke jan ƙasa tana kwasar ruwan titi, bakinta ya yi dauɗar da ba ta fita. Hijabi mai santsi kuma iska na wasa da shi, na yadi mai taushi da ɗan nauyi ya fi zama.

Gwanjo a nan ba abin ɓoyewa ba ne. Shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji irin Oxfam, British Heart Foundation da Cancer Research UK suna kusan kowane babban titi, Turawan ma can suke saye, kuma na unguwannin masu hali sun fi kaya masu kyau. Kwat ɗin ulu, suwaita, kwat ɗin zuwa intabiyu, a fara dubawa can ko a manhajar Vinted. A duba zif, a duba hammata, a ɗaga suwaita ga haske a ga ko asu ya huda ta. Ɗalibi ya yi rajistar UNiDAYS ko Student Beans, manhajojin rangwamen ɗalibai, da imel ɗin jami'a kafin ya sayi sabo. Abin da aka saya ta intanet daga shago, doka ta ba ka kwana 14 ka fasa bayan ya iso; wanda ka saya da hannu a kanti, mayar da shi don ka sauya ra'ayi ya danganta da ƙa'idar kantin, don haka a ajiye rasit, kada a cire takardar jikin kaya sai an tabbata. Tsarin ɗauka yanzu ka biya daga baya, irin Klarna da Clearpay, bashi ne, kuma jinkirin biya na iya ɓata maka suna a wurin bankuna tun ba ka zauna da gindinka ba.

Daga Maris zuwa Mayu sai kayan aiki: baƙin wando biyu, riguna uku marasa zane, baƙin takalmi rufaffe. Wanda ya samu aiki a sito ko wurin gini kada ya yi gaggawar sayen takalmin kariya, doka ta ɗora wa mai aiki ya bayar da kayan kariya kyauta.

Kayan gida kuwa, a gida ake ɗinka su. Akwai teloli a unguwar Peckham ta Landan da wasu unguwannin 'yan Afirka, amma kuɗin ɗinkinsu na iya fin kuɗin yadin, layin Sallah kuma dogo ne. Ka bar wa telanka awo, ka nemi mai zuwa da ke da sauran wuri a jakarsa ta kilo 23, tun wata biyu kafin Sallah. Kala biyu ko uku sun ishi Juma'a, Idi da suna. A ce wa tela ya ɗan saki jiki da hannu don rigar ɗumi ta shiga ciki. Shadda kuma kada ta ga injin wanki: ƙyallinta zai mutu, babu kuma masu bugu da za su dawo da shi. A wanke da hannu a ruwan sanyi, a goge ta baibai. Hula a zo da biyu wankakku, a ajiye ɗaya a kwali don karinta.

Kula da abin da aka saya ma yana cikin burin. Lambar da ke cikin hoton baho a takardar riga zafin ruwa ne. Ulu a 30 ko ƙasa, in ya shiga injin busarwa zai fito daidai jikin yaro. Shanya a ɗaki tare da rufe taga yana kawo fumfuna a bango da warin danshi a tufa, mai gidan haya kuma zai iya cire kuɗin gyara daga kuɗin ajiyar da ka bayar lokacin kama haya. A buɗe taga ko na minti goma ne, kada a ninke kaya sai sun bushe ƙayau. Jaket ta biyu, in har ana so, a bari sai ƙarshen Fabrairu ko Maris, lokacin da shaguna ke neman rabuwa da kayan sanyi.