Yadda Ake Haɗa Jinin Masoya a Fim ɗin Laifi

Fim ɗin laifi yana da wata dama da fim ɗin soyayya zalla ba shi da ita: masoyan suna da dalilin tsoron juna. Ɗan sandan ciki ne da matar da ake zargi, ko ɓarawo da jami'ar da aka turo ta kamo shi, ko matar aure da mutumin da take so ya taya ta kawar da mijinta. Duk takun da ɗaya ya yi zuwa wajen ɗayan yana iya kai shi gidan yari ko kushewa. Daga nan shauƙin yake tasowa, kuma babban aikin marubuci da darakta shi ne kada su bari tsoron nan ya mutu kafin fim ya ƙare.

Tun a kan takarda ake farawa. Kafin ka rubuta kalma ɗaya ta hira, ka rubuta wa kowannensu layi biyu: abin da yake nema wajen ɗayan wanda ba ruwansa da so (bayani, kuɗi, makulli, shaidar ƙarya), da abin da yake ɓoye masa. Sannan ka yi gwaji: zare soyayyar daga labarin gaba ɗaya. In binciken kisan ko shirin fashin ya tafi yadda yake ba abin da ya goce, to soyayyar liƙa ta aka yi, kuma mai kallo zai ɗauki fitowar masoyan a matsayin lokacin duba waya. Dole soyayyar ta sa jami'in ya ɓoye wata shaida, ko ta sa ɓarawon ya tsaya a gari kwana guda fiye da kima.

Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo. A fim mai minti 100, haɗuwa biyar ko shida ta masoyan ta wadatar, kowace shafi biyu zuwa huɗu. Abin lura shi ne kowace haɗuwa ta ƙare da rinjaye a hannun wani daban. In ita ta fita tana murmushi a ta farko, a ta biyu shi ne zai ajiye hoton da ya tsinka mata zuciya.

Hira ita ce inda aka fi yin ɓarna. Da zarar ɗaya ya ce "ina son ki" a tsakiyar fim, igiyar ta saki. Zance mai harshen damo ake so, inda baki yake kan bincike, zuciya tana wani wuri. Ga misali:

"Ina kike daren Talata?"
"Yallaɓai, tambayar ta ofis ce ko taka?"
"Ta ofis ce."
"To me ya sa ka rufe littafin?"

Ba a ambaci so ba, amma ta nuna masa ta gano shi, shi kuma bai sami amsarsa ba. Ka kuma lura da "Yallaɓai" ɗin nan. Ka bar ta tana kiransa haka har rabin fim, ranar da ta kira sunansa kai tsaye mai kallo zai ji abu ya sauya ba sai an buga kiɗa ba. Masu fim ɗin The Big Sleep na 1946 sun san darajar irin wannan hira: bayan an gama ɗauka sai aka sake kiran Humphrey Bogart da Lauren Bacall aka ƙara fitowa, ciki har da wadda suke zancen tseren dawaki alhali kowa ya san ba dawaki suke nufi ba.

Daga nan sai tazara, kuma a nan ya kamata darakta ya fi ɓata lokacinsa. Masanin al'adun ɗan Adam Edward T. Hall ya kasa tazarar da ke tsakanin mutane: ƙasa da santimita 45 ta makusanta ce sosai, daga 45 zuwa 120 ta abokai, daga 120 zuwa kusan 360 ta hulɗar aiki. Ka yi amfani da wannan kamar ma'auni. Haɗuwar farko a mita biyu, da tebur a tsakani. Ta biyu tebur ya kau. Ta uku wani dalili na aikin laifin ya tilasta musu shiga santimita 45: ɓuya a bayan ƙofa mai gadi yana wucewa, ɗaure rauni, sa ankwa, karɓe bindiga daga hannu. Dalilin ya zama na dole, domin kusancin da aka tilasta wa mutum biyu masu jan aji ya fi wanda suka zaɓa da kansu zafi. Ka liƙa tef a ƙasa ka yi wa kowane ɗan wasa alamar inda zai tsaya, don 'yan wasa kan matso kusa da wuri ba su sani ba, sai a wayi gari an cinye tazarar tun a fitowa ta biyu.

Wani abu ƙarami ya riƙa wucewa daga hannu zuwa hannu: ashana, makulli, alƙalami, zobe. Kyamara ta matso kan hannayen, yatsu su kusa haɗuwa, a jinkirta sakin abin da daƙiƙa ɗaya. A Double Indemnity na 1944, sarƙar ƙafar da Barbara Stanwyck take sanye da ita lokacin da take saukowa daga bene ita ta ɗauke hankalin jarumin, kuma a kanta ya riƙa komawa cikin zancensa. Abu ɗaya ya isa, in sun yi yawa sai su zama kayan ado.

Tarihi ma ya nuna cewa hani yana wasa basira. Dokar tace fina-finai ta Amurka da ake kira dokar Hays, wadda aka tsananta aiki da ita daga 1934 har aka maye gurbinta da tsarin rarraba fina-finai bisa shekarun masu kallo a 1968, ta hana doguwar sumba. A Notorious na 1946, Alfred Hitchcock ya sa Cary Grant da Ingrid Bergman suna katse tasu duk bayan 'yan daƙiƙu, suna magana ƙasa-ƙasa, suna tafiya zuwa wajen tarho, har fitowar ta kai kusan minti biyu da rabi. Katsewar ce ta sa ake tuna ta. Wanda ƙa'idar ƙasarsa ta hana taɓa jiki sam ma bai rasa komai ba, kallo da tazara da numfashi suna yin kashi mafi girma na aikin.

Wajen ɗauka, ka guji ruwan tabarau na kyamara mai faɗi a kusa da fuska. Na milimita 24 yana kumbura hanci yana nisanta mutanen da juna. Na 50 zuwa 85 shi ke daidaita fuska, ya dusar da bayan fage, ya matse tazarar da ke tsakaninsu. A farkon labari ka ɗauki kowa shi kaɗai a hotonsa, sai kusanci ya fara sannan ka haɗa su cikin hoto ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne saɓanin kallo: an ɗauki fuskarsa da safe, tata da yamma, tsayin kyamara ya bambanta, sai ya zama yana kallon goshinta ita tana kallon bayan kunnensa. Maganinsa shi ne ɗan wasan da ba a ɗauka ya tsaya dab da kyamara yana ba da amsa da gaske, kuma kyamara ta tsaya a gefe ɗaya, kada ta tsallaka layin da za a iya ja daga ɗayansu zuwa ɗayan.

Hasken fim ɗin laifi mai inuwa ne. Ɓangaren fuska mai haske yakan fi mai duhu sau takwas ko fiye. Amma kada duhu ya cinye ido. Ƙaramar fitila kusa da kyamara, wadda za ta sa ɗigon haske a ƙwayar ido, ita ke raba kallon bege da kallon gawa. In fatar ɗan wasa mai duhu ce, ƙara ƙarfin fitila ba ya gyara komai, sai ma ya sa goshi ƙyalli. Faffaɗan haske mai laushi da ya doki farin allo ya dawo ake so, ya zo ta gefe ya fitar da kumatu da haɓa.

A ɗakin tacewa, ka riƙe fuskar mai sauraro fiye da ta mai magana. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, ƙarin hoto 12 kacal bayan an gama magana yana mayar da kallo na yau da kullum ya zama satar kallo. Ka rage kiɗa, ko ka ɗauke shi ɗungum lokacin da suka fi kusa, a bar ƙarar agogo da numfashi. Makirufon da ake maƙalawa a riga yana kwasar shafar tufafi idan mutane suka matsu, saboda haka a rataya na sama. Wanda yake son ganin gwaninta ya duba yadda Anne V. Coates ta tace Out of Sight na 1998, inda hirar George Clooney da Jennifer Lopez a mashayar otal take sarƙe da abin da ya biyo baya, muryar hirar tana ci gaba a kan hotunan gaba.

Zaɓen 'yan wasa kuwa ba a yin sa da hoto. Ka haɗa su biyu su karanta fitowa ɗaya sau uku: yadda aka rubuta, sannan ɗaya yana ƙarya, sannan ba magana sam. Mai sauraron abokin wasansa kake nema, wanda fuskarsa take motsi lokacin da ba shi ke magana ba. Duk wata taɓawa a tsara ta tun kafin ranar ɗauka, kowa ya amince da iyakarsa a rubuce, a rage mutanen da ke wurin zuwa waɗanda aikin ba ya yiwuwa sai da su. Ɗan wasan da yake ɗar-ɗar kafaɗarsa takan ɗage, kuma kyamara tana gani.

Matar labarin ma a ba ta dalilin kanta. Wadda aka rubuta don kisisina kawai, mai kallo ya gama karanta ta tun minti na goma. Ka ba ta bashi, ko ɗa, ko wani da take tsoro, sannan ka bar fitowa ɗaya da take ita kaɗai ba mai ganinta, ta yi wani abu da zai sa a kasa tantance ko son nasa take da gaske. Idan an gama haɗa fim, ka kashe sauti ka nuna wa mutum uku da ba su san labarin ba fitowar masoyan, ka tambaye su wa ke son wa, wa ke yaudarar wa. In duka ukun sun ba da amsa iri ɗaya ba tare da jinkiri ba tun a haɗuwa ta biyu, ka koma ɗakin tacewa ka rage murmushi.