Yadda na raba kwamfutata da tarkace

Mako biyu kwamfutata tana tafiyar hawainiya. In na danna Word, sai in haɗa shayi in dawo bai gama buɗewa ba. Har na fara shirin kai ta wurin mai gyara, sai na lura layin faifan C, wato ma'ajiyar kwamfutar, ya koma ja: saura gigabait 3 cikin 128.

Na danna maɓallin Windows tare da R, na rubuta %temp%. Fayilolin wucin gadi ne jibge, irin waɗanda manhajoji ke ajiyewa lokacin aiki su manta da su. Na zaɓe su duka na goge. Wasu suka ƙi, wai ana amfani da su. Na tsallake su, ba dole.

Ashe babban mai cin wurin Windows.old ne, ragowar tsohon Windows bayan sabuntawa. Wannan ban taɓa shi da hannu ba, ta Disk Cleanup, manhajar Windows mai share tarkace, na bi, ya tafi da kusan gigabait 20. Sai dai in ka share shi, ba komawa tsohon Windows ɗin.

Na zubar da kwandon shara (Recycle Bin), na kashe kwamfutar na kunna. Yanzu ko ruwan shayin ban ɗora ba Word ya buɗe.