Darasi: Yadda Tauna Ke Gina Muƙamuƙin Dabba

Ka duba saniya idan ta kwanta a inuwa da rana tsaka. Bakinta ba ya hutawa. Tana dawo da ciyawar da ta haɗiye daga tumbi, ta sake niƙa ta, ta mayar. Wannan shi ne tuƙa. Saniya mai lafiya takan shafe awa 7 zuwa 8 a kullum tana tuƙa, ban da lokacin da take kiwo. Muƙamuƙinta na motsawa sau dubbai masu yawa kafin gari ya waye.

Shanu da tumaki da awaki suna da haƙora 32 idan sun girma, amma ba su da haƙoran gaba a sama. Dasashi ne mai tauri a wurin. Turamen baya su ne maniƙa, kuma muƙamuƙin ƙasa gefe da gefe yake tafiya. Babban abin da ke jan sa shi ne tsokar kumatu, wadda ta haɗa ƙashin kunci da muƙamuƙi.

Ba a haihuwar dabba da wannan tsoka a ƙosasshe. Aiki ne ke gina ta, kamar dantsen matar da ta saba daka. Maraƙi mai shan nono tsotsa kawai yake yi. Da ya soma tsinkar ciyawa, musamman wajen yaye, sai tsokar kumatunsa ta canja. Takan ƙara kauri, ta ƙara ja, ta koma irin tsokar da ke aiki a hankali ba ta saurin gajiya. Duk wanda ya taɓa dafa kan saniya ya san naman kumatu: ja wur ne, ga tauri, sai ya daɗe a wuta kafin ya yi laushi. Tuƙar shekaru ce ta mai da shi haka.

Masana sun gwada abin a kan zomaye da ɓeraye. Waɗanda aka rena da abinci mai tauri sun fito da tsoka mai girma da ƙashin muƙamuƙi mai kauri. Waɗanda aka rena da mai laushi kuwa, tsokarsu ta tsaya ƙarama.

To, mene ne amfanin wannan ga mai kiwo? Da farko, kada ka jira ranar yaye kafin ɗan akuya ko maraƙi ya san ciyawa. Tun yana da 'yan makonni ka ajiye masa harawa mai laushi da ruwa mai tsabta kusa da shi. Bakinsa zai saba, tumbinsa ma zai buɗe.

Masu turka ragon layya, ku saurara da kyau, don a nan aka fi yin kuskure. Mutum ya ƙagu ragonsa ya yi ƙiba, sai ya cika shi da dusa da hatsi, ya rage harawa. Dusa ba ta buƙatar tauna sosai. Idan tauna ta ragu, yawu ya ragu, shi kuwa yawu shi ne ke kashe tsamin da ke taruwa a tumbi. Daga nan sai zawo, sai kumburin ciki, wani lokaci har a yi asarar rago. Kullum a haɗa masa da harawar wake ko ta gyaɗa. In za a canja abinci, a yi shi kaɗan-kaɗan cikin mako biyu.

Tsohuwar dabba da haƙoranta suka cinye kuma, a sassara mata kara ƙanana. Wadda ta daina tuƙa, ko abinci na zubowa daga bakinta, ko ƙasan haɓarta ya kumbura, a kira malamin dabbobi ba tare da jinkiri ba.

Aikin gida: yau da yamma ka zauna kusa da dabbarka, ka ƙirga sau nawa take tauna loma ɗaya ta tuƙa kafin ta haɗiye. Rubuta adadin a littafinka, ka zo da shi aji gobe.