Yadda za ka bi sawun ƙwayoyin gadon folet a kwamfuta

Ɗalibin kimiyyar halittu a KASU ko ABU Zariya zai iya wannan aiki da kwamfuta da data kawai, ba sai ya taka ɗakin gwaji ba. Abin da ake son gani shi ne yadda ƙwayoyin gadon da ke haɗa sinadarin folet (bitamin B9) suka sauya daga halitta zuwa halitta. Bakteriya da tsirrai da yis da ƙwayar maleriya duk suna haɗa nasu folet. Ɗan adam kuwa sai ya ci a abinci, domin ba shi da yawancin waɗannan ƙwayoyin gado.

Ka fara da bakteriyar E. coli K-12 a shafin NCBI, rumbun bayanan ƙwayoyin gado. Sauke jerin furotin na ƙwayoyin gadon folet ɗinta, wato folE, folB, folK, folP, folC da folA, a tsarin fayil na FASTA, ka adana su tun da akwai wuta da sabis. Furotin za ka ɗauka, ba DNA ba. Kusan kashi 80 cikin 100 na DNA ɗin Plasmodium falciparum, wato ƙwayar maleriya, haruffan A da T ne, kuma hakan na jirkita kwatance.

Sai ka saka kowane jeri a blastp, manhajar NCBI mai nemo furotin masu kama da juna, ka taƙaita binciken ga halitta ɗaya: nau'in P. falciparum mai suna 3D7, sannan tsiron Arabidopsis, yis, da mutum. Ka yi watsi da sakamakon da E-value ɗinsa (ma'aunin yiwuwar kamannin dace ne kawai) ya fi 1e-5.

A nan ake yawan ruɗewa. FolA na E. coli amino asid 159 ne, amma abin da zai fito a Plasmodium ya kai 608. Ba kuskure ba ne: DHFR ɗinta, wato enzayim ɗin da folA ke samarwa, a manne yake da wani enzayim, TS, kamar yadda yake a tsirrai. Haka folK da folP suka haɗe wuri guda a Plasmodium, a yis ma har da folB, uku a furotin ɗaya. Dole ka yanke ɓangaren da ya dace kafin ka jera su a MEGA, manhajar zana bishiyar dangantakar halittu. In ba haka ba, bishiyar dangantakar za ta fito a karkace. Ka sa bootstrap (gwajin ƙarfin rassan bishiyar) sau 1,000, kuma kada ka dogara da reshen da bai kai 70 ba.

Za ka ga folE a mutum. Kada ka rubuta cewa muna haɗa folet. Jikinmu na amfani da shi ne wajen yin wani sinadari daban, BH4. A Plasmodium kuma ba za ka sami folB ba, wani enzayim mai suna PTPS ne ya rufe gurbinsa.

Ɓangaren da ya fi shafar mu a Kaduna shi ne maganin SP, wato Fansidar, da ake ba masu juna biyu a wurin awo, domin DHFR da DHPS (enzayim ɗin da folP ke samarwa) na ƙwayar maleriya yake toshewa. Ka ɗauko jerin samfuran P. falciparum na Najeriya, ka duba sauyin amino asid a gurbi na 51, 59 da 108 a dhfr, sannan 431, 437, 540 da 581 a dhps. Sauyin 540 ya fi yawa a gabashin Afirka, na 431 kuwa daga Najeriya aka fara ba da rahotonsa. Ka lura, ita kanta 3D7 tana ɗauke da sauyin 437G, don haka in da ita kaɗai ka kwatanta, wannan sauyi zai wuce ka ba ka gan shi ba.