Yadda za ka fara hawan dutse har ka ji daɗinsa, ba wahala kawai ba

In ka ce wa mutane za ka je hawan dutse abin da za su fara tambayarka shi ne, to me ka ajiye a can sama? Wai ka bar inuwa da fanka ka tafi kana haki kamar an aike ka. Gaskiya ba abin da aka ajiye. Amma akwai wata natsuwa da mutum ke samu in ya yi awa biyu ko uku yana tafiya ba hon ɗin adaidaita, ba ƙarar janareto, ba mai kiransa a waya, daga shi sai numfashinsa, kuma wallahi wannan natsuwar ba ta zuwa wa wanda ya taho ba shiri, don shi hankalinsa kaf yana kan ƙishirwa da bororon da takalmi ya yi masa. Don haka ɗan uwa bari mu yi maganar shirin tukuna.

Fara da na kusa da kai. In kana Kano ga Dala ga Goron Dutse, in kana Zariya ga Kufena. Dala ma matakala aka yi mata, amma duk da haka je ka hau da sassafe ka ji yadda ƙirjinka zai gaya maka gaskiyar lafiyarka. Ka riƙa zuwa duk sati har ka ga kana kaiwa sama kana iya yin magana ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Daga nan sai ka yi tunanin Jos, duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta kai kusan mita 1,829, a can ne ma makarantar horar da 'yan Man O' War take. Babban yayan kuwa shi ne Chappal Waddi a jihar Taraba, kan iyakar Kamaru, mita 2,419, ba wanda ya kai shi tsawo a Najeriya, kuma yana yankin gandun dajin Gashaka Gumti da aka kafa a 1991. Wannan tafiyar kwanaki ce da kwana a daji, ba ta wanda ya fara jiya ba ce, kuma sai ka bi ta hannun jami'an gandun, ofishinsu na Serti.

Kafin komai, tambayi lafiyar hanya. Wannan ba wasa a ciki, kowa ya san halin da wasu dazukanmu ke ciki yanzu, wajen da aka je lafiya bara ba lallai bana a je ba. Tambayi mutanen garin da ke gindin dutsen, ba wanda ya ga hoto a Facebook ba. In kun isa ku je ku gaida mai unguwa ko dagaci, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku nemi ɗan gari ya yi muku ja-gora ku biya shi haƙƙinsa ba ƙyashi. Shi ya san inda ƙudan zuma suke, ya san gonar da ba a ratsawa, ya san wajen da mutanen garin ke girmamawa ba sa so baƙo ya taka, musamman a ƙasar Filato. Kuma kar ka tafi kai kaɗai, mutum uku shi ne daidai, in ɗaya ya gurɗe ɗaya ya zauna da shi ɗaya ya nemo taimako. A gida ma ka faɗa wa wani inda za ka da lokacin da za ka dawo.

Lokaci fa? Ni dai a ganina daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba ya fi, ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, hazo bai yi kauri ba. In hunturu ya kankama za ka hau cikin sanyi mai daɗi amma ka kai sama ka tarar ƙura ta rufe komai. Damina kuwa dutse santsi gare shi, gansakuka ta kama shi, ga tsawa, kuma saman dutse shi ne wuri mafi muni da hadari zai riske ka, da ka ga gari ya haɗo sauko kawai kar ka ce saura kaɗan. Watan Maris da Afrilu in ba tsaunin Mambila za ka ba ka haƙura, dutsen kansa zafi yake fitarwa.

Ku fita bayan sallar asuba. Akwai wani lissafi da wani mutumin Sikotilan mai suna William Naismith ya fitar tun 1892, har yau ana amfani da shi: kowace kilomita 5 ka ba ta awa ɗaya, sannan kowace mita 600 ta hawa ka ƙara awa ɗaya. Wato tafiyar kilomita 10 mai hawan mita 600 awa uku ke nan. To amma shi gwani ne kuma a ƙasar sanyi yake, kai sabon shiga a ranar nan tamu ƙara awa ɗaya ko fiye a kai. Sannan ku yanke tun a ƙasa cewa ƙarfe kaza za mu juyo, an kai sama ko ba a kai ba.

Kaya ba sai ka kashe kuɗi ba. Kambas mai ƙasan roba da ke kama dutse, wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, sabon takalmi shi ke kawo bororo. Silifas a'a. Safa mai kauri, dogon wando saboda ƙaya da ƙarangiya, hula mai baki, jakar goyo don hannuwanka su zama a sake, tocila ko da kuna ganin za ku dawo da rana, da sanda, dubi Fulani makiyaya yadda suke ratsa tsauni da sandarsu ba a banza suke riƙe ta ba. 'Yan uwa mata, wando a ƙarƙashin doguwar riga da hijabi gajere ya fi, mai jan ƙasa kama ƙaya yake kuma za a iya taka shi a gangara. Rigar sanyi kar a manta in za a yi sama sosai, don duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6, ga iska, ga gumi ya jiƙa riga.

Ruwa shi ne babba. Ka lissafa kamar rabin lita a duk awa, ka riƙa kurɓa kaɗan kaɗan tun kafin ƙishirwa ta zo, ka jefa fakitin ORS, wato haɗin gishiri da sukari, ɗaya ko biyu a jaka saboda gishirin da gumi ke fitarwa. Guzuri kuma namu na gida ya isa, dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi, amma kilishin kaɗan don yaji na jawo shan ruwa. Lemon kwalba ba ya maye gurbin ruwa.

Maciji. Kububuwa na son wajen duwatsu da busasshiyar ciyawa, saboda haka kar ka zura hannu a ramin da ba ka gani, kar ka zauna kan dutse ba ka duba gefensa ba. In tsautsayi ya faɗa maciji ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau da igiya, a cire zobe ko agogo, a hana shi yawan motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti mai allurar dafin maciji da gaggawa. Ka san asibiti mafi kusa tun kafin ku hau.

To yanzu ita kanta tafiyar, nan ne mutane ke ɓata abin. Samari na farawa da gudu ana gasa, minti ashirin an zube. Ka yi taku gajere a hankali, saurin da za ka iya hira a cikinsa, kuma marar ƙarfin cikinku shi za a sa a gaba. Wayar nan ka sa ta a jaka, ka ajiye cajinta don larura, hoto ba laifi amma in kowane taku sai an yi bidiyo ana "ga mu nan a sama jama'a" to jikinka ne kawai ya hau. Spika mai kiɗa kuwa don Allah a bar ta a gida. Ku ware ko da rabin awa kowa ya yi shiru. Da farko kai zai cika da lissafin bashi da kuɗin makaranta da maganar da wani ya faɗa maka shekaranjiya, ka ƙyale shi, can in gajiya ta fara shiga sai ka ga tunanin ya ragu ya koma ina zan sa ƙafa, kuma daga nan ne abin da ya dame ka ke fara komawa daidai girmansa. Alhazan da suka hau Jabalin Nur zuwa kogon Hira sun san irin wannan, kaɗaicewa a dutse don tunani ba baƙon abu ba ne a wajenmu. In ka kai sama kar ka yi hoto ka juyo, zauna, nemo unguwarku da ido in garinku ne, ka ga yadda gidan da ke cika maka kai ya zama ɗan ɗigo. In lokacin salla ya yi ku yi ta a can, in ruwan da ya rage na sha ne kawai ga taimama.

Saukowa ta fi hawa haɗari, gwiwa ta gaji, hankali ya riga ya tafi gida, yawancin zamewa a nan ake yi. Ɗaure igiyar takalmi sosai don kar yatsu su riƙa dukan gaba, ɗan lanƙwasa gwiwa, a wuri mai tsakuwa ka sauko a karkace, in ya yi tsayi da yawa zauna ka ja gindi ba abin kunya ba ne. Ledar fiya wata da robar ruwa duk ku kwaso abinku, kuma a daina rubuta suna da fenti a jikin dutse. Da kun sauka ku koma ku yi wa mai unguwa sallama, ka kira na gida ka ce an sauko lafiya. Ciwon cinya sai washegari ko jibi zai taso sosai, kar ka kwanta masa, ɗan zagaya unguwa a ƙafa ka sha ruwa, kwana biyu uku zai sake ka.