Kurakuran da ke karya sabon kwansalta tun kafin ya tsaya da ƙafafunsa

Duk lokacin da wani ƙwararre ya zo mini da fara'a yana cewa ya ajiye aikin albashi, zai fara sana'ar kwansalta, wato ba kamfanoni shawara, da ƙashin kansa, nakan taya shi murna da gaske, sannan in yi masa tambayoyi uku. Nawa za ka riƙa karɓa? "Zan duba yadda kasuwa take." Wa zai fara ba ka aiki? "Tsohon wurin aikina sun ce ba za su manta da ni ba." Kun rubuta wani abu? "Haba, ai mun san juna." Na gaji da jin waɗannan amsoshi. Injiniya ne, akanta ne, masanin kwamfuta ne, mai horar da ma'aikata ne, duk bakinsu ɗaya. Kuma ba rashin sani ke kayar da su ba, don yawancinsu sun fi masu ba su aikin sanin fannin nesa ba kusa ba. Abin da shekarun ofis ba su koya musu ba shi ne ciniki: yanka farashi, shata wa aiki iyaka, da karɓo kuɗi bayan an gama. A ofis wasu ne ke yi musu wannan duka. Yanzu kuwa babu kowa sai su.

Zan fara da wanda ya fi ƙona ni, wato shiga aiki da yarjejeniyar baka.

Ina sabon shiga wani kamfani ya neme ni in duba musu yadda suke sayen kaya, in rubuta rahoton inda kuɗi ke zurarewa. Muka zauna da manajan, mutumin kirki, muka daidaita a kan kuɗi, na kama aiki. Ban yi nisa ba ya ce tunda ina nan, in ɗan leƙa musu sito. Na leƙa. Sai aka ce ma'aikatan sito ba su gane sabon fom ɗin da na tsara ba, in zauna in koya musu. Na koya. Rahoton kuwa, duk shugaban sashen da ya karanta sai ya dawo da shi da jan biro, a sake. Kowace buƙata ƙarama ce idan ka ɗauke ta ita kaɗai, kuma nauyin baki ba ya barin ka ka ce a'a ga wanda yake roƙonka cikin ladabi. Aikin da na ɗauka na ɗan lokaci ne ya ja ya cinye mini watanni. Ana cikin haka aka canza wa manajan wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya saurare ni tsaf, ya buɗe fayil a gabana, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, ban ga takardarka a nan ba." Bai yi ƙarya ba, babu ita. Abin da na karɓa daga ƙarshe bai kai abin da aka yi mini alkawari ba, ƙarin ayyukan kuwa ko zancensu ba a tayar ba.

Don haka ku daina ce mini kun san juna. Ba da mutumin kake ciniki ba, da kamfaninsa kake yi, shi kuwa mutum ana iya canza masa wuri, yana iya yin ritaya, yana iya mantawa, kuma sashen kuɗi ba ya biyan kowa da shaidar baki. Tun daga wannan aikin ban sake buɗe kwamfuta saboda wani ba sai da takarda mai sa hannu. Ba doguwa nake rubutawa ba, shafi biyu sun isa. A ciki akwai abin da zan yi, da abin da zan miƙa a hannu idan na gama, rahoto ne ko horo ko tsari. Akwai kuma sakin layin da na fi ba muhimmanci, wato abin da ba ya cikin aikin. Ina rubuta cewa gyara sau biyu ne, na uku da kuɗinsa. Ina rubuta sunan mutum ɗaya tak da zai ce aiki ya karɓu, don kada in zama ɗan aiken shugabannin sassa. Ina rubuta ranar biya, da yadda kowannenmu zai iya janyewa, da wanda zai mallaki abin da na rubuta. Wannan takarda, ka biya lauya sau ɗaya ya duba maka ita, za ka daɗe kana amfani da ita.

Sannan kafin alƙalami. Ni kashi 40 cikin 100 nake karɓa kafin in fara, ƙaramin aiki kuwa rabi. Wasu abokan sana'a suna ganin na cika tsanani, su kashi 25 suke nema, wasu ma ba sa neman komai daga manyan kamfanoni. Ra'ayinsu ne. Abin da na lura da shi shi ne, wanda ya yi ta jan ƙafa a kan kafin alƙalami, haka zai ja ta a kan ciko. Idan kuma aka zo da "tunda kana nan", amsata ba ta canzawa: "Zan iya, amma ba ya cikin abin da muka rubuta. Bari in turo muku kuɗinsa da lokacin da zai ɗauka." Ba faɗa, ba ɗaure fuska. Rabin buƙatun daga nan suke ɓacewa, sauran su zama sabon ciniki. Bayan kowace ganawa kuma nakan tura ɗan saƙon imel mai layi huɗu ko biyar: ga abin da muka tsayar yau.

Kuskure na biyu shi ne farashi, kuma nan ne nake jin haushin masu ilimi ƙwarai, don lissafi ne da ɗan makaranta zai yi. Mutum ya ɗauki albashinsa na shekara, ya raba da awannin aiki, ya ɗan ɗora wani abu, ya ce ga kuɗin awarsa. To mu lissafa. Mako 52 sau awa 40 ya ba da awa 2,080. Cire mako shida na hutu da ranakun bukukuwa da rashin lafiya, saura awa 1,840. A cikin waɗannan, wa zai biya ka lokacin da kake rubuta takardar tayi, ko zaman ganawar da ba ta haifi ciniki ba, ko bin bashi, ko haɗa lissafin haraji, ko karatun da zai hana iliminka tsufa? Babu. A shekarun farko, idan ka sayar da rabin lokacinka ka yi ƙoƙari, wato awa 920. Ke nan kafin ka kamo tsohon albashinka kawai, sai kuɗin awarka ya ninka abin da ka lissafa fiye da sau biyu. Kuma ba mu zo kan abin da kamfani yake biya maka a ɓoye ba: kason fansho, inshorar lafiya, kwamfuta, manhaja, intanet, wurin zama. A Amurka, misali, ma'aikaci yana biyan kashi 7.65 cikin 100 na albashinsa a matsayin harajin tsaron rayuwa da lafiyar tsofaffi, mai kamfani ya biya masa daidai wannan, amma mai zaman kansa shi ke ɗaukar kashi 15.3 ɗin gaba ɗaya. Adadin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ka binciki naka kafin ka buɗe baki ka faɗi farashi.

Sai ka ji sabon shiga yana cewa zai fara da araha don ya samu shiga, daga baya ya ƙara. Ƙara wa wa? Kwastoman da ya saba da kai a kan farashi kaza, ranar da ka ninka sai ya ga kamar ka ci amanarsa, kuma duk wanda zai turo maka da tsohon farashin zai turo shi. Araha ba ta ado, ballantana a sana'ar da ba kaya ake gani a taɓa ba. Shugaban da zai ɗora makomar sashensa a kan shawararka, idan ya ga kuɗinka ya yi ƙasa da na kowa, ba murna yake yi ba, zargi yake yi. In har dole ka rage, to ka rage aikin tare da kuɗin: cire horon, bar rahoton. Ni yanzu ma na fi son yanka kuɗin aiki dungurungum maimakon na awa, domin lissafin awa yana hukunta wanda ya ƙware. Abin da ka ɗauki shekaru kana koyo har kake gama shi cikin yini, bai kamata a biya ka kuɗin yini ba.

Dogaro da kwastoma ɗaya, musamman tsohon wurin aiki, shi ma yana kashe mutane a hankali. Daɗi gare shi da farko: fuskokin da ka sani, aikin da ka iya. Amma ka duba da kyau, ka koma ma'aikacinsu ne ba fansho, ba hutu, ba kuɗin sallama, kuma ranar da suka tsuke kasafi kai ne na farko da za a yanke. Hukumomin haraji ma suna sa ido a kan irin wannan. A Birtaniya tun shekarar 2000 akwai ƙa'idar da ake kira IR35, wadda ke duba ko mai kwangila a zahiri ma'aikaci ne da ya sauya suna. Ƙa'idata ita ce, kada kwastoma ɗaya ya wuce rabin abin da ke shigo mini na tsawon lokaci. Kafin ka ajiye aiki kuma, ka karanta takardar ɗaukarka, don wasu suna ɗauke da sharaɗin da ya hana ka jan kwastomomin kamfanin ko fita da bayanansa.

Akwai kuma mai cewa yana ba da shawara a kan "harkokin kasuwanci da gudanarwa da ci gaba". Babu wanda ke tashi da safe da ciwon da ake kira haka. Manyan wannan sana'a ma da abu guda suka fara: James McKinsey malamin ilimin akanta ne a Jami'ar Chicago, kuma daga lissafi da kasafin kamfanoni ya ɗora kamfaninsa a 1926. Bruce Henderson ya kafa Boston Consulting Group a 1963, sunansa ya fito ne ta fannin dabarun gasa a kasuwa. Ka iya faɗin wanda kake taimaka wa da matsalar da kake warware masa cikin jimla ɗaya, yadda wanda ya ji zai iya maimaita ta ga wani ba ka nan.

Sauran ba sa bukatar dogon bayani. Kada ka kama ofis kafin ka samu ciniki. Tambari da katin suna ba sa kawo aiki, kada su ci maka mako. Ka buɗe asusun banki na sana'a daban da na gida tun ranar farko, kuma duk kuɗin da ya shigo ka ware kason haraji nan take, ba naka ba ne. Kada ka bar albashi ba ka da ajiyar da za ta riƙe gidanka aƙalla wata shida. Ka tura takardar neman biya ranar da ka miƙa aiki, ba ranar da ka tuna ba, kuma ka san sunan wanda ke sa hannu a sashen kuɗi. Idan shawararka na iya jawo wa wani asara, nemi inshorar da ke kare ƙwararru. Ganawar farko kyauta ce, amma ta sauraro ce, ba ta zazzage maganin matsalar duka a kan tebur ba.

Na ƙarshe shi ne daina neman aiki saboda aiki ya yi yawa. Kwangila mai kyau ta faɗo, mutum ya nutse a ciki, ya daina kiran kowa, ya daina rubutu, ya daina zuwa tarukan fanninsa. Ranar da ya miƙa rahoto ya ɗago kai, sai ya tarar babu komai a gaba, kuma daga gaisuwar farko zuwa sa hannu a kamfani yakan ɗauki watanni. A nan ne ake karɓar aikin da bai dace ba a farashin da bai dace ba. Ni safiyar yini ɗaya a kowane mako na keɓe, komai matsin da nake ciki: in kira tsofaffin kwastomomi in ji yadda abin da muka yi yake tafiya, in rubuta ɗan bayani a kan wata matsala da na ga tana yawan maimaituwa, in kuma tambayi wanda ya ji daɗin aikina kai tsaye ko ya san wani mai irin damuwarsa.